Kuskuren Rige-rige: Ɓarakar da Ke Ɓoye a Cikin Waya da Kwamfuta

Ranar 14 ga Agusta, 2003, wuta ta ɗauke wa mutane kusan miliyan 50 a arewa maso gabashin Amurka da lardin Ontario na Kanada. Layukan wuta sun yi ta faɗuwa a jihar Ohayo, amma ƙararrawar gargaɗi a ɗakin sa ido na kamfanin FirstEnergy ta yi tsit fiye da awa guda. Da aka tono tushen abin, sai aka tarar sassa biyu na manhajar XA/21 mai kula da ƙararrawar ne suka kai hannu kan bayani ɗaya a lokaci ɗaya, manhajar ta cije.

Wannan shi ne kuskuren rige-rige, kuma yana iya kwanciya a cikin wayar da ke aljihun kowa.

Misalinsa kamar yaran shago biyu ne masu littafin kaya ɗaya. Kowanne ya duba ya ga saura buhun shinkafa guda, kowanne ya karɓi kuɗin mai saye kafin ɗayan ya soke buhun a littafi. Babu wanda ya yi ƙarya, amma an sayar da buhu ɗaya sau biyu. Wayar zamani tana da ƙwaƙwalen aiki huɗu ko takwas da ke gudu tare, to irin wannan karo ba abin mamaki ba ne.

Ɗaya daga cikin wuraren da abin ya fi tsanani shi ne direban sadarwa, wato ƙaramar manhajar da ke tsakanin tsarin waya da na'urar Wi-Fi ko ta data. Saƙo ba ya sallama kafin ya shigo. Yana iya faɗowa daidai lokacin da direba ke tura wani saƙon, ko lokacin da mai waya ya kashe Wi-Fi. Idan wani sashe ya saki gurbin ajiya alhali wani yana kan amfani da shi, waya na iya sandarewa ko ta mutu ta tashi da kanta. Mafi muni, ɗan dandatsa na iya cusa nasa bayanin a gurbin ya ƙwace ragamar na'urar baki ɗaya.

Maganinsa makulli ne: duk sashen da zai taɓa bayanin sai ya kulle, ya gama, sannan ya buɗe, saura su jira. A ƙarshen 2016 an gano irin wannan ɓaraka a sashen sadarwa na tsarin na'ura mai suna Linux, wadda ta kwana a ciki tun 2011, tana ba ƙaramin mai amfani damar zama shugaban na'ura. Gyaranta 'yan layuka ne kawai da suka sa a riƙe makulli kafin a sauya saitin.

Sai dai makullin ma yana da nasa sharri. In sashe na farko ya riƙe makulli ɗaya yana jiran na biyu, na biyun kuma yana hannun wanda ke jiran na farko, to an yi cirko-cirko, babu mai motsi. Shi ya sa masu rubuta direba ke bin jeri ɗaya wajen ɗaukar makullai, kuma tun 2006 Linux ke da manhajar lockdep mai bin sawun wannan jerin. Gano kuskuren kuwa jan aiki ne, domin sai lokaci ya zo daidai yake bayyana. A gwada sau dubu a ga lafiya lau.

Ina ruwan mai waya a Kano ko Maraɗi? Android a kan Linux aka gina shi. A Oktoban 2016 aka fallasa Dirty COW, kuskuren rige-rige a sashen ajiyar Linux da ya shekara tara ba a toshe ba. A 2017 kamfanin Trend Micro ya ba da rahoton muguwar manhajar ZNIU, wadda ta bi ta wannan ƙofa a cikin manhajoji sama da 1,200, akasari a Sin da Indiya.

Gyara ba ya isa waya sai ta hanyar sabuntawa. Tun 2015 Google ke fitar da gyaran tsaro na Android kowane wata, amma sai kamfanin da ya ƙera wayar ya tura shi, kuma tsofaffin wayoyi da yawa an daina tura musu. Don haka ya kamata mai waya ya leƙa saiti ya ga kwanan watan gyaran tsaro na ƙarshe, ya daina ture saƙon sabuntawa saboda tsoron cin data, ya kuma guji karɓar manhaja ta Xender ko a wajen masu caji, domin irin wannan hari yawanci sai muguwar manhaja ta fara shiga. Wayar da ta shekara biyu ko uku ba ta ga gyara ba, gara a raba ta da manhajar banki.