Na'urar Farfaɗo da Zuciya: Abin da Ya Wajaba Mai Ita Ya Sani

Akwai wata 'yar na'ura mai batir wadda likitoci kan dasa a ƙarƙashin fatar ƙirjin mutumin da bugun zuciyarsa kan rikice. Wata siririyar waya ce ke fita daga jikinta, ta bi jijiyar jini har cikin zuciya. In bugun ya yi saurin da zai kai ga halaka, sai na'urar ta aika da wutar lantarki ta daidaita shi. A Amurka aka fara dasa wa mutum ita, cikin shekarar 1980, ta kuwa ceci rayuka masu yawa.

To, amma wayar nan ita ce lagon na'urar, domin tana lanƙwasawa duk sa'ad da zuciya ta buga. In ta karye, ko rigarta ta sude, na'urar na iya fizgar mutum da lantarki ba dalili, ko kuwa ta kasa aiki ran da ake bukatarta. Cikin watan Oktoba na 2007 kamfanin Medtronic ya daina sayar da wayarsa mai suna Sprint Fidelis saboda yawan karyewa, bayan an dasa wajen 268,000 a duniya. Haka kuma kamfanin St. Jude Medical ya daina sayar da tasa, watau Riata, cikin 2010, domin rigarta na sudewa.

Duk da haka likitoci ba su ce a cire wa kowa tasa ba. Wayar da ta daɗe takan manne da jijiya, cire ta kuwa na iya yaga jijiyar. Saboda haka wadda ke aiki sosai sa mata ido ake yi.

Mutumin Minna, ko na wani gari, wanda aka dasa wa na'urar a Abuja ko a ƙasar waje, lalle ya kiyaye waɗannan:

1. Ya adana katin da aka ba shi, mai ɗauke da sunan na'urar da lambar wayarta.
2. Ya riƙa zuwa wurin likitan zuciya kowane wata uku zuwa shida, a auna ta.
3. In ya ji tana ƙara, ko ta fizge shi, ya sanar da likita ran nan.
4. In ta fizge shi sau biyu ko fiye, ko ya suma, a kai shi asibiti nan da nan.

Ana kuma roƙon likitoci su sanar da hukumar NAFDAC duk na'urar da suka samu da illa, domin a gargaɗi sauran masu irinta.