Cutar Sefsis da Raunin Fankiriyas: Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani Game da Gwajin Magunguna a Kan Dabbobi

Mene ne sefsis?

Sefsis, wadda ake kira gubar jini, yanayi ne da garkuwar jiki ke wuce gona da iri wajen yaƙar ƙwayoyin cuta, har ta koma tana lalata gaɓoɓin jikin da take karewa. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2020 ya ƙiyasta cewa a 2017 mutum miliyan 11 ne suka mutu ta dalilinta, kuma ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara na cikin waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarta.

Yadda take taɓa fankiriyas

Fankiriyas gaɓa ce da ke kwance a bayan tumbi. Tana samar da ruwan narkar da abinci da kuma insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini. Idan sefsis ta yi tsanani, matsin jini yakan yi ƙasa, jiki ya karkata jinin zuwa zuciya da ƙwaƙwalwa, kayan ciki kuwa su tashi da ɗan abin da ya rage. Gwaji a kan aladu ya nuna cewa jinin da ke ratsa ƙananan jijiyoyin fankiriyas yana raguwa sosai a wannan hali. Sai kuma sinadaran kumburi irin su TNF da IL-6 su ƙara mata rauni. Hankalin likitoci ya fi karkata ga huhu da ƙoda, domin gazawarsu ta fi saurin bayyana, shi ya sa fankiriyas ta daɗe a gefe.

Yadda ake gwajin

Hanyoyi biyu ne suka fi yawa wajen haddasa sefsis a jikin dabbar gwaji. A ta farko ana yi wa ɓera allurar LPS, wata guba da ke jikin bangon ƙwayoyin cuta irin su E. coli. Ta biyu, wadda Wichterman da Baue da Chaudry suka bayyana a 1980, tiyata ce: a sumar da ɓeran, a ɗaure wani sashe na babban hanjinsa mai kama da jaka, a huda shi da allura, najasa ta riƙa tsiyaya cikin ciki. Wannan ta fi kusa da abin da ke samun mutumin da hanjinsa ya fashe.

Bayan wasu sa'o'i sai a auna amilas da lifas, sinadaran narkar da abinci da ke ƙaruwa cikin jini idan fankiriyas ta ji rauni, a kuma duba yankin tsokarta ta madubin likita.

Magungunan da ake gwadawa

Wasu, kamar melatonin da NAC, suna kare ƙwayoyin jiki daga gurɓatattun sinadaran iskar oksijin da kumburi ke haifarwa. Wasu suna toshe NF-kB, makunnin da ke tayar da kumburi a cikin ƙwayar halitta. Ana kuma gwada ƙwayoyin halitta na asali da ake ɗebowa daga ɓargo. Sau da yawa rahotanni kan nuna raguwar kumburi.

Me ya sa nasarar ba ta cika kaiwa ga mutum ba?

A 1987 maganin toshe TNF ya ceci birai daga mutuwa, amma da aka gwada irinsa a kan mutane bai yi abin da aka zata ba. Wani maganin sefsis mai suna Xigris ma ya samu amincewa a Amurka a 2001, aka janye shi a 2011 bayan wani babban gwaji ya kasa nuna amfaninsa.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Ɓera yana jure gubar LPS fiye da mutum nesa ba kusa ba. Ɓerayen gwaji galibi matasa ne lafiyayyu, alhali mai sefsis sau da yawa tsoho ne, ko jariri, ko mai ciwon sukari. Abin da ya fi damuwa shi ne lokaci: a gwaje-gwaje da yawa ana ba da maganin tun kafin a haddasa cutar, shi kuwa majiyyaci sai ta ci jikinsa yake isa asibiti. Wannan ya sa a 2018 masana suka fitar da ƙa'idojin MQTiPSS, waɗanda suka nemi a riƙa ba dabbar ruwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta da na rage raɗaɗi, kamar yadda ake yi wa mutum, kafin a yanke hukunci kan sabon magani.