Haruffan Ado: Kwalliya Ce Ko Saƙo?

Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga zuwa Shagari, ko ya leƙa ƙauyuka irin su Mandera, idonsa ba zai rasa cin karo da manyan haruffa ba, a allunan makarantu da jikin manyan motoci da fastocin 'yan siyasa da katunan ɗaurin aure. Waɗannan su ne haruffan ado, waɗanda ake tsarawa domin kanun labari da allon sanarwa, ba domin dogon karatu ba. Aikinsu shi ne su fizgi ido daga nesa, su isar da kalma uku ko huɗu kafin mota ta wuce.

Saboda haka siffarsu ta bambanta da ta haruffan littafi: jikinsu kauri gare shi, gaɓoɓinsu na ɗauke da lanƙwasa da ƙawa. Idan aka cika shafi da su, sai ido ya gaji. Gishiri ne su, ba tuwo ba.

Abin takaici, galibin shagunan kwamfuta da ke buga mana katuna suna ɗauko zubin haruffan da aka ƙera a Turai da Amurka, waɗanda da yawansu ba su da ɓ da ɗ da ƙ, alhali tun shekarun 1930 aka shigar da su rubutun boko. Sai ka ga katin biki ya sha ado, amma an rubuta "maraba da baki" a maimakon "baƙi". Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba ke nan.

Alhali kuwa muna da gadon da za mu ɗora a kai. A Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, kuma da alƙalamin kara da tawada aka kwafe littattafansa. Wannan alƙalami shi ya haifar da rubutunmu mai kauri da tsayuwa, na ƙira'ar Warshu, inda fa'un ke da ɗigo a ƙasa, ƙafun kuma ɗigo ɗaya a sama. Ga kuma zayyanar da ake yi wa allon sauka, da hannun marubuta irin su Sharu Bala Gabari na Kano, wanda Alƙur'anin da ya rubuta ya bazu a Afirka ta Yamma.

Wasu sun riga mu gane darajar wannan. A 2017 ƙungiyar SIL ta fitar da zubin haruffan ajami na kwamfuta mai suna Alkalami, wanda aka tsara bisa rubutun Kano, kuma kyauta ake samun sa. Kaurinsa ya dace da kanu da allo, domin ana hango shi daga nesa.

Saura namu aikin. Ya kamata sassan koyar da zane a manyan makarantunmu su ƙera haruffan ado na boko masu cikakkiyar lanƙwasa, waɗanda suka ɗebo kamanni daga alƙalamin kara. Kafin nan, duk mai kai aiki maɗaba'a ya duba ƙ da ɗ ɗinsa tun bai biya ba. Idan mai harshe bai kula ba, wa zai kula masa?