Abin da Ƙudurin 'Yan Sandan Jihohi Ya Kamata Ya Ƙunsa

Ƙudurin gyaran tsarin mulki da ke neman bai wa jihohi damar kafa 'yan sandansu, wanda ya tsallake karatu na biyu a Majalisar Wakilai a watan Fabrairun 2024, ya jingina da hujjar cewa ɗan gari ya fi baƙo sanin lungu da saƙo, kuma da shi jama'a za su fi sakin jiki. Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya hana kafa wata rundunar 'yan sanda ban da ta tarayya, shi ya sa ake iya turo jami'in da ba ya jin Hausa ya riƙe caji ofis a ƙauyen Zamfara. Sai dai harshe kaɗai bai isa ya buɗe bakin mutane ba. Manomin da ya ga an wuce da shanun sata yana tsoron sunansa ya riga shi isa daji, ko a tsare shi a ce da hannunsa a ciki. Idan jami'in ɗan unguwa ne, tsoron ma yana iya ƙaruwa, don ya san gidan kowa. Saboda haka dole dokar ta mayar da fallasa mai kawo bayani laifin da ake ɗauri a kansa, ta kuma wajabta wa DPO zama da mutanen yankinsa a kai a kai, ya faɗa musu inda ƙorafinsu ya kwana.

Wani zai ce ai muna da irin wannan tanadi. Haka ne: tun 1984 aka kafa kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a na PCRC, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta tanadi kwamitocin tsaron al'umma, har gwamnatin Buhari ta amince da naira biliyan 13.3 domin shirin tsaron al'umma. Amma kwamitin da aikinsa shawara ce kawai, wanda kujerunsa suka fi faɗawa hannun masu hali da 'yan fada, ba nan mai tallar koko ko ɗan acaɓa ke kai kuka ba. Masu tsoron 'yan sandan jihohi, saboda tuna yadda aka yi amfani da 'yan doka wajen gallaza wa 'yan jam'iyyar NEPU a zamanin En'e, su ma suna da gaskiya, kuma tsoron nasu dalili ne na cire zaɓen 'yan kwamitin daga hannun gwamna da ciyaman, a bar wa mazauna gundumar, da kujerun mata, matasa da makiyaya a rubuce cikin doka.