Ekografi a gefen gado: sabon darasi ga likitocin yara na gobe

Mafi yawanmu mun san ekografi ne a wajen awon ciki, inda ake nuna wa mai juna biyu kwanciyar jaririnta. To amma a yau akwai ƙananan na'urori da ake riƙewa a hannu, wasu ma da salula ake haɗa su, likita ya duba yaro a kan gadonsa.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne ciwon huhu. Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ce a shekarar 2019 ya kashe yara 740,180 ƴan ƙasa da shekara 5. Yaron da ke numfashi da ƙyar, an sa masa oksijan, ɗaukarsa zuwa ɗakin hoton ƙirji kasada ne. Ita kuwa ekografi da amon sauti take aiki, ba ta da hasken X, ana iya maimaita ta safe da yamma.

Me ake koya wa ɗalibi? Da farko riƙon na'urar, da shafa man da ke taimaka wa amon shiga jiki. Sannan karatun hoto: layuka a kwance alamar iska ce a huhu, layuka masu yawa a tsaye na nuna ruwa, huhun da ya cushe yakan yi kama da hanta, ruwan da ya taru gefensa kuma baƙi yake fitowa. Ana koya masa neman jijiya ga yaron da zawo ya tsotse, don sa ƙarin ruwa ba tare da an yi ta sukarsa ba.

Sai dai na'ura ba ta tunani. Hannun da bai ƙware ba yana iya ganin cuta inda babu ita. Shi ya sa ɗalibi ke farawa da masu lafiya, ya duba yara da yawa malami na tsaye kansa, ya adana hotuna a sake dubawa tare. Kuma ba za ta hana shi ƙirga numfashi da sauraren uwa ba.

Muna da sassan koyon likita a jami'o'in Yamai, Maraɗi da Damagaram. Kiranmu ga magabata shi ne: in za a sayi na'ura, a haɗa da kuɗin horo da na gyara, kada ta ƙare cikin kwali. Allah ya ba ƴaƴanmu lafiya.