Hayaƙin baburan shaƙatawa: gaskiya da ƙarin gishiri

Akwai maganar da ta daɗe tana yawo game da babur ɗin ruwa, irin wanda ake sukuwa da shi a tafkunan Amurka: wai awa 7 a kansa daidai yake da tafiyar mil 100,000 a mota wajen gurɓata iska. Masu kishin muhalli suna yaɗa ta ba tare da sharaɗi ba, masoya baburan kuma suna cewa ƙarya ce tsagwaronta. Dukansu sun kauce. Lissafin ya fito daga hukumar kula da ingancin iska ta jihar Kalifoniya a ƙarshen shekarun 1990, kuma abin da ta gwada shi ne tsohon inji mai bugu biyu da sabuwar mota ƙirar 1998. Wannan inji shi ne wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai, irin na ƙaramin janaretan da ke ƙofar shagunanmu. Yadda aka ƙera shi, ƙofar shigar mai da ta fitar hayaƙi kan buɗe a lokaci ɗaya, sai kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na man ya fice ta salansa bai ƙone ba. To amma gwajin ya tsaya ne kan iskokin da ke haddasa hazon hayaƙi. Idan batun ɗumamar duniya ake yi, motar da ta ƙone dubban litoci ta fi babur ɗin laifi nesa ba kusa ba.

Magana ta biyu ita ce a fili ake hawansu, iska za ta kwashe hayaƙin. Gandun dajin Yellowstone na Amurka ya ƙaryata wannan. A lokacin hunturu iska mai sanyi kan kwanta a ƙasa, mai ɗumi ta danne ta, hayaƙi ya rasa hanyar tashi. Da ɗaruruwan baburan dusar ƙanƙara, masu irin wancan tsohon inji, suka riƙa yin layi a ƙofar yamma kowace safiya, ma'aikatan da ke karɓar kuɗin shiga sun yi ta fama da ciwon kai da tashin zuciya, har aka ja musu iska mai tsafta zuwa cikin rumfunansu, a 2002 kuma aka raba musu na'urar rufe hanci. Abin da suke shaƙa ba wasa ba ne: kabon monoksaid, wadda ke kama jini fiye da iskar oksijin sau 200 da ɗoriya, da benzin, wanda an tabbatar yana jawo sankarar jini. Mai yawon buɗe ido ya wuce abinsa, ma'aikaci ne ke wuni a ciki.

Wani zai ce idan aka haɗa hayaƙin ƙasa baki ɗaya, na waɗannan baburan bai kai na motoci da masana'antu ba. Haka ne, sai dai huhu ba ya shaƙar lissafin ƙasa, iskar inda mutum yake tsaye yake shaƙa. Wanda kuma ya ce babu magani sai haramci, shi ma tarihi bai goya masa baya ba. A tafkin Tahoe tsoffin injuna masu bugu biyu da kabureta aka hana daga 1999, ba shiga ruwa ba, kuma sinadaran fetur da ke cikin ruwan suka ragu sosai. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta sa wa masu ƙera baburan dusar ƙanƙara ƙa'idar hayaƙi a 2002. Yellowstone ta taƙaita adadi, ta wajabta ɗan jagora da injuna masu ƙarancin hayaƙi, ta kuma tabbatar da tsarin a 2013. Duk da haka, sabon inji bai daina fitar da kabon monoksaid ba, kuma ita ba ta da wari balle launi. Binciken da aka yi a tafkin Powell a 2000 ya gano mutanen da wannan iska ta kashe suna ninƙaya a bayan jiragen ruwa na kwana, inda hayaƙin janareta ke taruwa a ƙarƙashin dandamalin hawa.