Noman Ɗoɗɗoya Daga Iri a Ƙasa Mai Zafi

Manufar wannan takarda ita ce mu yi bayani a kan yadda ake tayar da ɗoɗɗoya, wadda wasu ke kira ɗaiɗoya, tun daga ƙwayar iri har zuwa tsinkar ganye. Abin da ya ja hankalinmu shi ne, galibin ɗoɗɗoyar da ake gani a gidaje da kanta ta fito a gindin randa ko bakin magudana, amma da zarar mai lambu ya yi niyyar shuka ta a komi don kasuwa, sai ya yi ta kukan iri ya ƙi fita, ko kuwa shuka ta yi fure tun bai ci moriyar ganyen ba. A ganinmu, ba kasafai laifin yake ga iri ba.

Da farko ya kamata mu bambanta iri biyu. Akwai ƙarama mai laushin ganye, wadda masana kimiyyar tsirrai ke kira Ocimum basilicum, wadda kan ƙare rayuwarta cikin shekara guda. Akwai kuma babba, Ocimum gratissimum, wadda Yarabawa ke kira efinrin, tana yin itace, tana kuma shekaru a raye. Dukansu dangin na'ana'a ne, shi ya sa karansu yake da kusurwa huɗu. A kan ƙaramar za mu fi tsayawa.

Ƙwayar irin ɗoɗɗoya baƙa ce, ba ta kai riɗi girma ba, har giram guda kan ƙunshi ƙwaya wajen 600. Abincin da ke cikin ƙwaya irin wannan kaɗan ne ƙwarai, saboda haka in aka binne ta kamar yadda ake binne dawa ko wake, tsiron zai ƙare guzurinsa kafin ya kai ga haske. Abin da ya dace shi ne a gauraya irin da busasshen yashi, a yafa shi bisa komi mai laushi wanda aka sa wa ruɓaɓɓen taki, sa'an nan a barbaɗa ƙasa wadda kaurinta bai wuce rabin santimita ba. In ruwa ya taɓa ƙwayar, sai ta yi wani yauƙi fari-fari a jikinta. Wasu kan ɗauka ruɓewa ta yi, alhali kuwa wannan yauƙi halittarta ne, yana riƙe mata danshi. Ban-ruwa kuma da yayyafi za a yi, domin kwarara ruwa da guga kan kwashe irin ya tara shi a gefen komi.

Batun lokaci shi ne ya fi rikitar da masu lambunmu. Sun saba da latas da kabeji da karas, waɗanda ke son sanyin hunturu, sai su haɗa ɗoɗɗoya da su. Ita kuwa ɗumi take so. A zafin digiri 20 zuwa 30 takan tsiro cikin kwana 5 zuwa 10, amma a Disamba da Janairu, lokacin da sanyin dare a wurare kamar Kano da Zariya kan sauko kusa da digiri 12, sai ta yi nawa, tsiron ya tsumbure. Zafin Afrilu kuma, mai kusantar digiri 40, yakan busar da saman komi cikin sa'o'i kaɗan, sai an yi rumfar ciyawa. Mu dai mun fi son ƙarshen Fabrairu ga mai ruwan rani, ko farkon damina ga wanda ya dogara da ruwan sama. Bayan mako huɗu zuwa shida sai a yi dashe da yamma, a bar tazarar santimita 30.

Ƙamshin da ake nema yana cikin wani mai da ke tare a ƙananan ƙulluttai bisa fatar ganye. Ɗaya daga cikin sinadaransa, yujinol, shi ne dai wanda ke cikin kanumfari. To, zafi da ƙishirwa sukan gaggauta fure, kuma da shuka ta fara fure sai ta rage fitar da sabon ganye. Maganin wannan shi ne a fincike kan shukar idan ta kai santimita 15 zuwa 20, daidai bisa gaɓa. Daga hammatar ganyayen nan biyu rassa biyu za su fito, su ma a yi musu haka. Mai lambu kan ji tausayin yanke shuka mai kyau, amma wannan tausayi shi ke rage masa amfani.

Akwai wata cuta mai sa saman ganye ya yi rawaya, ƙarƙashinsa ya yi toka-toka. An fara ba da rahotonta a Uganda a farkon shekarun 1930, ta sake ɓulla a Suwizalan a 2001, ta kai Amurka a 2007, kuma tana bin iri. Danshi da cunkoso take so, don haka a tsakiyar damina ake tsoronta. Wanda zai ajiye irinsa sai ya ware 'yan shuke-shuke masu lafiya ya bar su su yi fure, ya yanke zangarniyar bayan ta bushe, ya murje a inuwa. In yana da ɗoɗɗoya launi biyu a lambu ɗaya, to, ya nisanta su, domin ƙudan zuma kan gauraya su.